Minti Goma, Ba Gogewa

Litinin, 3 ga wata, 7:10 na safe

Jan Biro ne ya sa ni wannan aikin, ba ra'ayina ba ne. Wai in sami takarda, in dubi agogo, in yi ta rubuta duk abin da ya faɗo min a rai har minti goma, biro ba ya barin takarda. Ba gogewa, ba komawa baya, ba karantawa sai an gama. In babu abin cewa, in rubuta babu abin cewa, har abin cewar ya gaji da ɓuya. Sakin hannu yake kiran abin. Ji wanda ke hana ni gogewa! Tsohon da ya shekara talatin a lungun maɗaba'ar nan yana farautar kurakuran mutane kafin a buga, wanda ko lambar wayarka ka rubuta masa sai ya nemo inda zai zagaye da ja. Na ce, "Baba, kai ka taɓa rubuta layi guda ba ka soke shi ba?" Ya ce, "Barkono, ai ba ni aka ba fom ba."

Fom ɗin na aljihuna. Shafi ɗaya ne, a sama an buga BAYANIN MA'AIKACI, ƙasa layi ashirin da biyu, sai wurin sa hannu. Ni ma na yanka takardun fom ɗin nan bara. Kwamitin kamfani zai zauna ran Alhamis, ashirin ga wata, a kan abin da injin yanka takarda ya yi wa hannun Kawu. Nawa bayanin dole ya shiga ran Laraba, sha tara, don sunana ne a jadawalin injin a safiyar da abin ya faru. Kwana huɗu ina buɗe shi ina ninkewa. Sunana kaɗai na iya rubutawa. Ni da ba a gama gaya min ɗaya ba na mayar da uku.

Saura minti biyu. Babu abin cewa. Babu abin cewa. Dogo mai injin bugawa ya shigo yana tauna burodi kamar akuya. Goma ta cika.

Litinin, 1:30 na rana

An lulluɓe injin da tampol. Duk wanda ya zo wucewa sai ya yi kwana.

Talata, 4 ga wata, 7:05 na safe

Babu abin cewa babu abin cewa fanka na ƙara babu abin cewa. To bari in faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Aji uku na yi a makaranta, malamai suka gaji da bakina, ni ma na gaji da bulalarsu. Ina shekara sha biyar Kawu, yayan Inna, ya kawo ni nan shara. A kwandon shara na koyi karatu na gaske. Duk fallen da ya ɓaci a inji ni ke kwashewa, in ninke in cusa a wando, in je gida in yi ta haɗa baƙi. Da yake shafi goma sha shida ake bugawa a falle guda, na san tsakiyar littattafai sun fi ɗari, ban san farkonsu ba, ban san ƙarshensu ba. Akwai wata mata da na baro a tashar jirgi a shafi na arba'in da takwas, shekara shida ke nan, har yau ban san ko wanda take jira ya zo ba. Na karanta takardar magani, na karanta jarrabawar 'yan aji shida, na karanta dokokin ƙungiyar masu gyaran famfo daga farko har sa hannun ma'aji. Masu digirin da ke shigowa nan da takalmi mai ƙyalli, rabinsu ban ga abin da suka fi ni ba sai turare. Amma layi ashirin da biyu sun gagare ni. Ina ɗora biro sai hannu ya tsaya cak. Hannu. Ba zan yi maganar hannu ba. Fanka na ƙara. Goma.

Laraba, 5 ga wata, 6:15 na yamma

Inna ta dawo daga asibiti da kwanukan abinci, ko taɓawa bai yi ba. Ta ajiye su ta tsaya a kaina.

"Yaya ya tambaye ka."

Na ce aiki ya yi yawa.

"Wane aiki? Injin naku ba a rufe yake ba?"

Na ce Inna don Allah, akwai ninki, akwai ɗauri, ke kin san aikin maɗaba'a ne?

"Ban sani ba. Abin da na sani, mutumin da ya tsaya maka ranar da ubanka ma ya ce ya gaji, yau kwana shida yana kwance. Makwabta sun je, mai shayin bakin titi ya je, kai ba ka je ba. Yatsu uku, ɗan nan. Uku."

Na daka mata tsawa na ce ai na iya ƙirga. Inna fa. Ta dube ni kawai, ta kwashe kwanukanta. Da zagina ta yi da na fi jin daɗi.

Alhamis, 6 ga wata, 12:40 na rana

Manaja ya kira ni ofis. Har ruwan sanyi ya sa aka kawo min, ni da na shekara takwas ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai a tsaye, a ci min mutunci in fita.

"Barkono, ina fom?"

"Ina kan rubutawa, Yallaɓai."

"Rubutun me? Kai da kake karanta mana jarida kana gyara wa masu jaridar magana? Layi uku ne. Ka fita waje, ba ka ga komai ba, ka bar inji lafiya ƙalau. Ka sa hannu."

Na ce to in inji lafiya yake, laifin wa ke nan?

Ya juya biro a yatsunsa. Goma ne cif, na ƙirga. "Injin nan maɓalli biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, wuƙa ba ta sauka sai an danna su tare. Don me aka yi shi haka? Don hannu biyu su kasance a waje. Kawunka ya fi kowa sanin wannan. Shekaru ne, Barkono. Ba wanda ya ce da gangan ne. Sakaci ne, sai a sallame shi ya je ya huta."

Sakaci. Mutumin da ke goge wuƙa kamar mai yi wa jariri wanka. Shekara ashirin da shida, a rubuta masa sakaci a takarda, a kore shi da yatsu bakwai.

Zagi ya kai goma sha biyu a bakina, kowanne na jiran layinsa. Na ce, "To, Yallaɓai." Ruwan ma na shanye shi tas.

Juma'a, 7 ga wata, 7:00 na safe

Na yi minti goman yau a kan zagin Manaja. Shafi biyu da rabi, hannu ko gezau. Ashe ba rubutun ne ya ƙare min ba.

Asabar, 8 ga wata, 5:30 na yamma

Na je.

Ɗaki mai gado takwas, nasa na bakin taga. An naɗe hannun hagun da bandeji ya zama kamar dunƙulen auduga, an rataye shi a jikin ƙarfe. Na gai da matar Kawu, na gai da na gadon kusa, na gai da mai jinyar na gadon kusa. Sai da mutanen gaisuwa suka ƙare sannan na dube shi.

"A'a, manyan baƙi. Hala batirin rediyon ne ya mutu, kwana tara ba mu kama tashar ba?"

"Sannu, Kawu. Ya jiki?"

"Da sauƙi. An rage min aikin yankan farce."

Matarsa ta ce, "Kai dai ba ka da dama, har a nan ma?" Shi kaɗai ya yi dariya, dariyar ma ta tsaya a rabi.

Ya tambayi littattafan makarantar da muke yi, wa ke yanka su yanzu. Na ce an kai wata maɗaba'a. Ya ce za su ɓata gefe, su ba su san ana barin tawada ta bushe kafin a yanka ba. Sannan ya ce, "Ka shafa wa wuƙa mai? Kada ta yi tsatsa a ƙarƙashin tampol." Injin da ya cinye masa yatsu yake tambayar lafiyarsa.

Minti ashirin na yi. Na ce zan sayo ruwa, na fita, ban koma ba. A bakin ƙofa na yi faɗa da mai gadi a kan abin da ko tunawa ba na yi yanzu.

Litinin, 10 ga wata, 7:05 na safe

Babu abin cewa. Jiya ban yi ba, biro ma ya huta. Babu abin cewa. Warin tawada. Dogo bai zo ba tukuna. Safiyar da abin ya faru ma haka take, warin tawada, littattafan makaranta dubu ashirin a tare, Manaja na yawo yana tafa hannu yana cewa mota na jira mota na jira, kamar mu muka ce ya karɓi aikin wata guda ya yi alkawarin mako ɗaya. Kowa na sauri, kowa ya san yadda ake sauri a wurin nan, ba ni na ƙirƙiro ba, tun kafin in zo ake yi, ɗan kwali ne kawai a ninke shi huɗu

Ban cika goman ba. Bakwai.

Talata, 11 ga wata, 1:20 na rana

Jan Biro ya tsare ni a wajen famfo.

"Ya sakin hannu?"

Na ce shirme ne, Baba, na gwada, aikin marasa aikin yi ne.

"A minti na nawa ka tsaya?"

Na ce wa ya ce maka na tsaya?

"Wanda bai tsaya ba cewa yake hannunsa ya gaji. Wanda ya tsaya shi ke cewa shirme ne." Ya wanke tabarau ya goge da gefen riga. "Gobe ka fara daga inda ka tsaya."

Na ce shi wa ya koya masa, boka? Ya ce lokacin da matarsa ta rasu ya yi wata biyu ya kasa rubuta wa 'yarsu wasiƙa, tana can nesa da tsohon ciki. Kullum ya rubuta bayan gaisuwa, ya soke. Wata safiya ya ɗora ruwan shayi a wuta ya rantse ba zai ɗaga biro ba sai ya tafasa. Kafin ya tafasa wasiƙa ta fito.

Teburinsa na kallon injin yanka kai tsaye. Shekara takwas, sai yau na lura. Na ce, "Baba, ranar da abin ya faru kana zaune?" Ya ce, "Ni idona na kan waƙafi."

Ƙarya yake. Ko gaskiya.

Laraba, 12 ga wata, 7:00 na safe

Ban fara daga can ba. Na rubuta duk shagunan da ke tsakanin gidanmu da nan, da halin masu su. Minti goma cif. Saura kwana bakwai.

Alhamis, 13 ga wata, 3:45 na yamma

Makanike ya zo daga kamfani, aka yaye tampol. Ya danna dama, shiru. Ya danna hagu, shiru. Ya danna biyu, wuƙa ta sauko, ƙarar nan har cikin haƙorana. Sau goma ya yi. Ya rubuta a takardarsa inji ba shi da matsala. Manaja ya waiwayo ya yi min murmushi kamar mun haɗa baki.

Dogo ya matso yana goge hannu da tsumma, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka rubuta abin da aka ce maka kawai. In ka buɗe baki ba kai kaɗai za ka tafi ba, kowa a nan ya taɓa sa kwali. 'Ya'yana huɗu."

Na ce, "Kawu bai taɓa sawa ba."

"Shi ya sa kullum shi ne na baya a aiki."

Na cakumi wuyan rigarsa, sai da aka raba mu. Ba shi nake so in daka ba, shi ne dai a kusa.

Juma'a, 14 ga wata, 6:30 na yamma

An sallamo Kawu. Inna ta tasa ni gaba muka je gidan. Yana zaune a tabarma, hannun a kan matashi. Da matan suka shiga ɗaki ya ce in matso.

"Ɗan nan, zan tambaye ka abu, kada ka gaya wa uwarka. Kai kana ganin kaina ya fara taɓuwa?"

Na ce haba Kawu.

"Kwana goma sha biyar ina juya abin. Hannuna na dama yana kan maɓallin dama, wannan na sani, nan nake jingina shi kullum in ina daidaita takarda, don na san guda ɗaya ba ya saukar da wuƙa. Na hagun yana ciki. To wa ya danna na hagu? Na ce ko cikina ne ya taɓa, na auna a bango, bai kai ba. Ko na danna na manta? Jiya gishiri na zuba a shayi. Na fara tsoron kaina. In haka ne gara su kore ni, tun kafin in yanke na wani."

Yana kallona yana jiran in ce wani abu. Ni. Rediyo. Barkono. Na ce masa sauro ya yi yawa a gidan nan, ya kamata a sa magani.

Sauro!

Asabar, 15 ga wata, 8:00 na safe

Na yi amai. Inna ta ce zazzaɓi ne. Na ce e.

Lahadi, 16 ga wata, 4:00 na yamma

Na gwada na Manaja a wata takarda. Na fita waje. Ban ga komai ba. Na bar inji lafiya. Biyun farko ma gaskiya ne, abin haushin ke nan. Na ɗauko fom in kwafe, na ɗora biro a layin farko, har tawada ta taru ta kusa huda takardar, hannun ya ƙi tafiya. Na zage shi. Hannuna na zaga, da baki, a fili, har Inna ta leƙo ta ce da wa kake?

In na faɗa, aiki ya tafi, su Dogo su tsane ni, wannan duk da sauƙi. Inna fa? Kawu ne kaɗai ɗan uwan da ya rage mata. Shi kansa Kawu fa?

In ban faɗa ba, ba abin da zai same ni. Ko kaɗan. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Saura uku.

Litinin, 17 ga wata, 6:50 na safe

Na riga kowa zuwa. Na ɗora agogo a kan injin yankan. Daga inda na tsaya.

ɗan kwali ne kawai a ninke shi huɗu a cusa a gefen maɓallin hagu ya zauna a danne, sai hannun hagu ya huta yana tura takarda na dama yana dannawa, aikin awa uku ya koma awa biyu. Ni na sa shi. Ni na sa shi wajen ƙarfe tara, bangon littafin lissafi na yaga, kore ne. Ka'ida ita ce in za ka bar inji ka zare, kowa ya sani, ko fitsari za ka je ka zare. Ban zare ba. Direban da ke kawo takarda ya leƙo ta ƙofa ya ce ina ɗan sharar nan da ya zama farfesa aka yi dariya na bar inji na bi shi har bakin mota don ni ba a gaya min magana in kwana da ita, ina tsaye ina gaya masa abin da hancinsa ya yi kama da shi mutane na dariya ina jin daɗi ina jin daɗi ina jin daɗi. Kawu ya ga takarda a kan inji mota na jira ya ce bari ya ƙarasa min. Aikina ne ya zo ya ƙarasa min don kada Manaja ya zage ni. Shi ba ya sa kwali bai taɓa sawa ba bai duba ba don me zai duba. Ban ji ihunsa ba bai yi ihu ba Dogo ne ya yi. Kada ka tsaya. Da na shigo suna ɗauke da shi an naɗe hannun da rigar wani kowa ya bi su waje. Ni ban bi ba. Kada ka tsaya saura minti uku. Na je wurin inji jini a kan takardu na ce ba zan dubi bayan wuƙa ba na duba na gani. Na sa yatsa na zare kwalin na jefa a kwandon shara na danna shi ƙasa da ƙafa. Kawuna na zubar da jini a bakin ƙofa ni ina ɓoye kwali. Sannan na fita da gudu ina ihu a kawo mota a kawo mota na fi kowa ihu. Shi ke nan. Babu abin cewa. Babu abin cewa. Goma ta wuce tun ɗazu.

Litinin, 10:15 na safe

Na karanta a banɗaki. Sau biyu na kusa jefa shi a masai. Yana aljihuna.

Talata, 18 ga wata, 1:10 na rana

Na ajiye wa Jan Biro shafukan a tebur na ce ya gyara min, ya mayar da su irin maganar ofis. Ya karanta da jan biron a hannu, ina jiran ya fara zagayewa. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sannan ya rufe biron ya sa a aljihu.

"Kurakurai sun kai arba'in. Ba aya, ba waƙafi, kamar wanda kare ya biyo."

"To gyara mana."

"A'a."

"Baba, gobe ne fa."

"In na gyara, kai ma za ka gyara. Za ka ce a cire hancin direba. Sannan a cire jin daɗin. Kafin la'asar kwandon shara ya fita, kafin a tashi aiki mun koma layi ukun Manaja, da waƙafinsu cif."

Na ce to ai Manaja ya san ana sa kwali, a gabansa ake yi, shi ke tafa hannu, don me ni kaɗai zan ɗauka? Ya ce wannan ma gaskiya ne, in rubuta, amma a ƙasa, bayan nawa, kuma kada in kama sunan kowa sai mai tafa hannun. Na ce tsoho kai ko tausayi ba ka da shi. Ya ce, "Ina da shi. Na Kawunka ne ya riga naka zuwa."

Na sake tambayarsa ko ya gani ranar. Ya ce, "Yanzu ai ba ka bukatar sani."

Na kwafe a fom. Layi ashirin da biyu ba su isa ba, na ci gaba a baya, na ƙara takarda na maƙala. Kalmomin "kada ka tsaya" kaɗai na cire. Hannun bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Laraba, 19 ga wata, 9:30 na safe

Ban kai wa Manaja ba. Na hau bene na ba sakatariyar kwamiti, na tsaya har ta buga hatimi ta rubuta lokaci. Ina saukowa muka yi kiciɓis da shi a matakala.

"Ka yi layi ukun?"

"Sun ɗan fi uku, Yallaɓai."

Dogo bai amsa gaisuwata ba. Ya riga ya gani a fuskata.

Laraba, 7:20 na yamma

Na ce kada Kawu ya ji a bakin kwamiti. Ina tashi aiki na wuce gidansa da takardun farko, na sakin hannun, masu datti. Na tarar da Inna a can. Na so ta fita, ta ƙi. Matar Kawu ma ta gyara zama. To.

Na ce, "Kawu, na rubuta bayanin. Zan karanta maka. Don Allah kada kowa ya katse ni, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Ya ce, "Yau kuma rediyo ne ke roƙon a saurare shi?"

Na karanta. Ban ɗaga kai ba. Wajen kwalin na ji Inna ta yi salati. Wajen kwandon shara matar Kawu ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Na kai ƙarshe. Ana jin makwabta na wanke-wanke. Kawu na kallon bandejin.

"Ashe ban haukace ba."

Na ninke takardun.

"Ashe ban haukace ba." Ya sauke dogon numfashi, har kafaɗunsa suka sauka. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ɗago.

"Kwalin, kuskure ne. Na san kuna yi, na sha faɗa. Direban, halinka ne, na san shi tun kana rarrafe. Amma ran Juma'a na zaunar da kai a nan, na tambaye ka ko kaina ya taɓu. Ka ce min sauro."

"Kawu..."

"Tashi ka tafi. Kada ka zo gobe."

Na kai ƙofa na juyo. "Jibi fa?"

Ya mayar da idonsa kan bandejin.

Inna ba ta biyo ni ba.

Alhamis, 20 ga wata, 2:00 na rana

Minti arba'in a gaban mutum biyar. Sun tambaya, na amsa, ban zagi kowa ba, har Manaja da ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin kwali a jikin inji ba. A daidai nan Jan Biro ya yi tari, dogon tari, har shugaban kwamiti ya dube shi ya ce ko Malam na da magana? Ya ce yana da ita. Aka fitar da ni kafin ya fara.

An cire sakaci daga takardar Kawu. In ya warke zai dawo, ba kan inji ba, wajen duba aiki. Ni an ce in ajiye katin shiga in jira wasiƙa. Na san abin da ke cikin wasiƙar, mu muke buga irinta.

Na kwashe kofina da silifas ɗina. Ba wanda ya ɗago kai sai tsohon. Ya ce, "Gobe ma minti goma." Na ce in rubuta me kuma? Ya ce, "Ji shi."

Juma'a, 21 ga wata, 6:40 na safe

Inna ta dawo. Ta ajiye min shayi a bakin ƙofa, ta wuce. Ba sukari. Ban sani ba ko mantawa ta yi.

Juma'a, 4:50 na yamma

Jibin ne yau. Ina zaune a ƙofar gidan Kawu, a kan bulon da ake ɗora bokiti, ina rubutu a gwiwa don in ban rubuta ba guduwa zan yi. Na yi sallama sau ɗaya, ba ƙarfi. Babu abin cewa. Wata kaza na kallona. Babu abin cewa. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. In aka ce in tafi zan tafi in dawo gobe, in aka sake cewa in tafi in sake dawowa. Minti shida. Ana jan takalmi daga ciki.

Matar Kawu ce. Ba ta amsa gaisuwata ba, idonta a kan bango.

"Ya ce in kai ne, ka shigo. Amma bakinka ya tsaya a waje."

Zan gwada.